Babba Da Gudu Ba Lallai An Koro Shi Ba

Idan aka hangi magidanci mai furfura yana sassarfa a bakin titi da sassafe, tambayar farko ita ce: lafiya? Me ya koro shi? A wurinmu gudu na yara ne da sojoji, babba kuwa tafiyar ƙasaita ce ta dace da shi. Sai dai hawan jini da ciwon suga ba su san ƙasaita ba, kuma sun fi samun mazauni a jikin wanda ke yini a kan kujera, daga mota zuwa ofis ko rumfar kasuwa. Gudun dogon zango yana cikin abubuwa ƙalilan da mutum zai fara da girmansa ya kuma ci moriyarsu sosai, amma da sharaɗi guda, wanda yawancin masu farawa ke karyawa tun makon farko: a yi shi sannu, sannun da har mai yi zai ji kamar wasa yake.

Batun cewa lokaci ya ƙure ba shi da tushe. Priscilla Welch, 'yar Birtaniya, tana shan taba har ta kai shekara 35 kafin ta fara gudu, ta kuma lashe gudun yada-ƙanin-wani na birnin Niyok a 1987 tana da shekara 42. Za a ce ai wannan baiwa ce, kuma haka ne. To a dubi waɗanda ba su da ita. A 2020 likitoci a Landan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan mutum 138 da suka shiga gudun birnin a karon farko. Bayan atisayen wata shida, babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta ƙara laushi kamar an rage mata shekara huɗu, awon jininsu kuma ya ɗan sauka. Waɗanda suka fi amfana su ne masu yawan shekaru da masu nawar gudu, wato ainihin mutanen da ake cewa su haƙura.

Dalilin sharaɗin nan yana cikin halittar jiki. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin 'yan makonni mutum zai ji haki ya ragu, sai ya ɗauka ya iso. Amma ƙashi da agara da sauran jijiyoyin gaɓɓai watanni suke buƙata kafin su yi ƙwari. A tsakanin nan ake jin rauni: ƙirji yana cewa a ƙara, ƙwauri bai shirya ba. Sai ka ga mutum ya sayi sabon kambas, ya sheƙa da gudu kwana biyar a jere, ran na shida yana ɗingishi yana sauka daga matakala a karkace, daga nan kuma takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Shirin nan na mako tara da hukumar lafiyar Birtaniya ke ba masu farawa, mai kai mutum ga kilomita 5, da sassarfar minti ɗaya yake somawa, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, sau uku kacal a mako. Ma'aunin kuma ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan ba ka iya hira da na kusa da kai kana gudu, ka yi sauri da yawa. Ko zakarun garin Iten na Kenya, mafi yawan kilomitocin da suke ci a mako ba da iyakar ƙarfinsu suke cin su ba.

Ana yawan cewa gudu yana cinye gwiwa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike kan mutum sama da dubu 100 ya sami amosanin gwiwa ko ƙugu a jikin kusan kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, kashi 10 na marasa motsi, da kashi 13 na masu gasa da suka shafe shekaru suna azabtar da gaɓɓansu. Wato gwiwa ta fi wahala a hannun mai zama da mai wuce gona da iri. Tsoron bugawar zuciya ya fi wannan nauyi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. A Amurka, daga 2000 zuwa 2010, zuciyar mutum 59 ta tsaya cikin kusan miliyan 11 da suka shiga dogon gudu, akasarinsu maza masu ciwon da ba su san da shi ba. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya sa duk wanda ya haura 40, ko mai teɓa, ko mai jin nauyin ƙirji in ya hau bene, ya fara da ganin likita.

Zafi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kanmu. A gasar duniya ta Doha a 2019 da tsakar dare aka saki mata, duk da haka 28 cikin 68 ba su ƙarasa ba. Wanda ya fita gudu da hantsi a Sakkwato ko Damagaram cikin Afrilu ba jarumta ya yi ba, ganganci ne. Lokacinmu shi ne bayan sallar asuba, kakarmu kuma damina da farkon sanyi, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri. Da azumi a sassauta, ko a mayar da shi bayan an sha ruwa.

Shi kansa babban gudun, kilomita 42.195, ba farilla ba ne. Wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya adana a tsoka yakan kusa ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, shi ya sa mai niyyarsa ke buƙatar aƙalla shekara guda yana gudu kafin ya shiga atisayen wata huɗu na musamman. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema a wurin baligi bai kai nan ba: minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 na mai ƙarfi. Amfanin gasar shi ne tana ba mutum ranar da zai sa a gaba, don mai jiran wata rana ya fi saurin barin bargo. Gudun Legas, da aka fara a 2016, a watan Fabrairu aka saba yin sa, kuma yana da rukunin kilomita 10, wanda ya ishi mai farawa buri a shekararsa ta farko.