Damagaram Takaya: Maganin yara kyauta ne a doka, amma wa ke biyan kuɗin?

Da damina ta kankama a ƙauyukan Damagaram Takaya, arewa maso gabashin birnin Damagaram, harabar ƙananan asibitoci kan cika da iyaye mata, kowace da goyon da zazzaɓin cizon sauro ya kayar. A dokar Nijar, yaron da bai kai shekara biyar ba, ko dala ba a karɓa don duba shi da ba shi magani. Sai dai sau da yawa uwa kan fito da takardar sayen magani a hannu, don na asibitin ya ƙare.

Daga nan sai a buga waya Kano, Agadas ko Libiya, ɗan ci-rani ya turo kuɗi. In babu mai turowa, akuya ta tafi kasuwa.

Matsalar tana da tarihi. Bayan shirin Bamako na 1987, Nijar ta koma tsarin da majinyaci ke biyan wani kaso, asibiti kuma ya sayo sabon magani da kuɗin da ya tara. Talakawa da dama suka ƙaurace wa asibiti. A 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta mayar da jinyar ƙananan yara da awon ciki kyauta.

Matakin ya yi rana. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun ragu daga 198 cikin kowane 1,000 a 2006 zuwa 127 a 2012, duk da cewa rigakafi da gidan sauro ma sun taka rawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. Asibiti ne ke fara yin aikin, ya aika takardun kuɗinsa sama, ya jira gwamnati ta mayar masa. Jiran kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya kai biliyoyin sefa. Asibitin ƙauye da ba a biya shi ba kuwa, ba shi da abin sayo magani.

Daga 1 ga Satumban 2024, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jaka 150 da masu wankin ƙoda ke biya. Jama'a sun yi maraba da sauƙin.

Amma rabin da aka ɗauke wa majinyaci, dole wani ya cike shi. Idan baitulmali bai biya a kan lokaci ba, asibitocin karkara za su sake faɗawa ramin da suka faɗa a baya. Ga uwar da ke layi a Damagaram Takaya, ma'aunin gyaran guda ɗaya ne: ta koma gida da maganin ɗanta, ko da takarda.