Turkana: Gundumar Da Ruwanta Ke Fitowa Daga Ƙetaren Iyaka

A can kusurwar arewa maso yammacin ƙasar Kenya akwai wata gunduma da ake kira Turkana, wadda babban birninta shi ne Lodwar. Daga yamma ta yi iyaka da Yuganda, daga arewa kuwa da Sudan ta Kudu da Habasha. Daga gabas babban Tabkin Turkana ne ya tokare ta. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, sai duwatsu da rairayi da ƙayoyi. A ƙidayar 2019 an sami mutum 926,976 a cikinta, galibinsu makiyayan raƙuma da awaki da shanu.

Shi wannan tabki tsawonsa ya fi mil 150, kuma ruwansa da ɗan kanwa-kanwa, domin ba shi da mafita, sai abin da rana ta ƙone. Kogin Turkwel da na Kerio suna zuba masa ruwa daga kudu, amma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga Kogin Omo yake zuwa, wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha. Mai karatu da ya san yadda Tabkin Chadi ya dogara ga Kogin Shari zai gane wannan al'amari nan da nan.

Zaman mutane a wurin ya daɗe ƙwarai. Cikin 1984 wani ɗan Kenya, Kamoya Kimeu, ya tono ƙasusuwan wani yaro a Nariokotome, yamma da tabkin, waɗanda masana suka ce sun yi shekara wajen miliyan ɗaya da rabi. Su kuwa Turkanawa, labarin da suka gada wurin kakanninsu shi ne daga ƙabilar Jie ta Yuganda suka rabu. Wai waɗansu samari ne suka bi sawun wani bijimi mai ruwan toka da ya ɓace, har suka same shi wurin wata tsohuwa mai suna Nayece. Da suka ga wurin da makiyaya, sai suka koma suka kwaso dabbobinsu.

Turawa ba su ga tabkin ba sai cikin 1888, sa'ad da Teleki, mutumin Hungari, da abokin tafiyarsa Von Hohnel suka iso, suka raɗa masa sunan Rudolf, watau yariman Ostiriya. Wannan suna bai gushe ba sai 1975. Turkanawa ba su miƙa wuya ga Ingilishi da sauƙi ba, har 1918 ana kai musu yaƙi ana kwashe musu dabbobi. Da fari yankin yana ƙarƙashin Yuganda ne, sai cikin 1926 aka mai da shi Kenya. Saboda nisansa, can aka tsare Jomo Kenyatta, a Lokitaung daga 1953, sa'an nan a Lodwar daga 1959. Har wa yau ana jayayya da Sudan ta Kudu a kan yankin Ilemi da ke arewa.

To, yadda baƙi suka shata wa gundumar iyaka ba da shawararta ba, haka nan ragamar ruwanta take hannun waɗansu. Cikin 2016 Habasha ta buɗe madatsar Gibe ta Uku a kan Omo, abin da ya sāke yanayin ambaliyar shekara-shekara wadda kifi ke hayayyafa a cikinta. Cikin 2018 hukumar UNESCO ta sa gandayen tabkin cikin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari. Ko da yake ruwa ya ƙaru daga 2020 saboda yawan damina, masunta da makiyayan Turkana ba za su sami kwanciyar hankali ba sai Kenya da Habasha sun daidaita a kan yadda za a riƙa sakin ruwan Omo.