Hawan jini a Tamale: abin da binciken likitocin Afirka ya gano game da shanyewar ɓarin jiki

A unguwar Dabokpa da ke birnin Tamale a arewacin Ghana, kamar a sauran zangonnin yankin, idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, akan ji ana cewa iska ce ko jifa. Wasu iyalan sai sun shafe kwanaki suna hayaƙi da rubutu kafin su nufi Asibitin Koyarwa na Tamale, inda ake tura manyan cututtuka daga duk arewacin ƙasar. Binciken da aka yi a kan mutanen Afirka ta Yamma ya nuna cewa galibi tushen wannan larura shi ne hawan jini, wanda ake kira BP a Ghana da Najeriya, tansiyo kuma a Nijar da Togo da Benin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki suke.

Yadda ciwon ke aiki

Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuma bututu. Idan jini ya daɗe yana bin su da ƙarfin da ya wuce kima, bangonsu yakan yi kauri ya ƙanƙance. Wata rana jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ita ma zuciyar takan kumbura ta gaji, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙoda ma tana lalacewa. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu, awo ne kaɗai ke nuna shi. Idan an auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, an kamu.

Abin da aka gano a Ghana da Najeriya

Shekaru da dama likitocin Afirka suna dogaro da binciken da aka yi a kan Turawa. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan na cikin jagororinsa. An gudanar da shi a asibitoci 15 na Ghana da Najeriya, ciki har da na Kumasi da Akra da Kano da Zariya. An kwatanta mutum 2,118 da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki da wasu masu lafiya sa'o'insu. Sakamakon ya nuna cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na larurar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, abin da ya zarce yadda ake gani a Turai. Ciwon suga, yawan maiƙo a jini, shan taba da yawan gishiri su ma sun fito a jerin. An kuma ga cewa masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira. Ke nan miyar ayoyo da ta rama da ake ci da tuwon zafi a Tamale, da zogale da alayyafo, abinci ne mai amfani idan ba a cika musu gishiri ba.

Wane magani ya fi dacewa?

A 2019 wani binciken mai suna CREOLE, ƙarƙashin Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja, ya gwada haɗin magunguna iri uku a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida. Bayan wata shida, haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko dai tare da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi saukar da jini a kan haɗin da babu shi. Dalili ɗaya shi ne jikin baƙar fata da yawa yana riƙe gishiri, don haka ba kowane magani ke yi musu aiki daidai ba. Amlodipine ba shi da tsada, kuma sunansa ɗaya ne a kantin magani na Tamale da na Lome da na Yamai, abin da ke da amfani ga ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin ƙasashe. Likita ne dai zai zaɓa wa mutum, musamman mai juna biyu da mai ciwon ƙoda.

Tiyata ta yi nisa, awo na kusa

Ghana ta daɗe da fara tiyatar zuciya. Farfesa Charles Easmon ya yi ta farko a asibitin Korle Bu a 1964, daga baya Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa a can. Sai dai daga Tamale zuwa Akra tafiyar kusan kilomita 600 ce, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfin talaka. Awon jini kuwa ana yin sa cikin 'yan mintuna a ƙananan asibitocin unguwa, kuma inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar nauyin jinyar hawan jini.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne barin magani. Mutum ya sha wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Maganin danne ciwon yake yi, da an bari jinin zai sake hawa. Mai azumi zai iya tambayar likita yadda zai mayar da shan ƙwayarsa lokacin sahur ko buɗa-baki. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da busasshen kifi.

Idan kuwa baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu, a garzaya asibiti nan take. Hoton kai ne ke bambanta toshewa da fashewa, kuma maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Ana iya yi wa majinyaci addu'a a cikin mota a kan hanyar asibiti.