Rauni Ne Ko Ƙurajen Kaji? Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

Wasiƙunku na wannan karo galibi a kan abu ɗaya suke: baƙin ɓawo ya fito wa kaji a zanko da gefen ido, wane magani za a shafa? To, kafin a shafa komai, malam mai kaji, kama kazar ka duba ta da kyau, domin ba kowane ɓawo ne rauni ba.

Idan wuri ɗaya ne, fata ta yage, an ga jini, wannan rauni ne, na faɗan zakaru ko farcen shaho ko wayar akurki. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in ya huce ka wanke wurin da tsumma mai tsabta. Sannan ka shafa aidin, ko maganin nan mai launin shuni da ake kira G.V. Ni dai na fi son G.V., saboda yana ɓoye jan jini. Kaza in ta ga ja sai ta kai sara, sauran su biyo baya, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Don haka a keɓe ta cikin kwando har ta warke, a riƙa dubawa safe da yamma, kada ƙuda ya yi ƙwai tsutsa ta shiga.

Amma idan ƙuraje ne barkatai a inda babu gashi, sun fara fari-fari, suka koma ruwan ɗorawa, daga baya suka yi baƙin ɓawo, kuma kaji da yawa sun kamu bi da bi, to ƙurajen kaji ne, wato irin agana tasu. Ba ta kama mutum. Sauro ne babban mai yaɗa ta, shi ya sa ta fi yawa da damina. Tana kuma shiga ta wurin rauni. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, saboda haka kafson da ake kwancewa a ruwan sha ba ya kashe ta. Da kanta take warkewa, cikin mako 2 zuwa 4, kuma wadda ta tashi ba ta cika sake kamuwa ba.

Don Allah a daina ɓamɓare ɓawon nan da farce. Ciwo ake ƙara wa kaza, ga shi ƙwayar cutar na cikin ɓawon, tana iya yin watanni a ƙasan akurki tana jiran wasu. A ɗiga aidin a kai, ban da kusa da ido. In ido ya manne, a jiƙa shi da ruwan gishirin nan mai ɗumi, domin kazar da ba ta gani ba ta cin abinci, sau da yawa yunwa ce ke kashe 'yan tsaki. Baƙin mai na mota da kananzir kuwa, waɗanda wasu ke yabo, ƙona fata suke yi.

Buɗe bakinta ka leƙa. In ka ga abu ruwan ɗorawa ya manne a maƙogwaro, tana numfashi da ƙyar, wannan irin shi ke kisa, sai a nemi malamin dabbobi ba da jinkiri ba.

Akwai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa. A fatar fiffike ake soka shi, ga masu lafiya kaɗai, bayan kwana 7 zuwa 10 a ga ɗan kumburi a wurin, alamar ya kama ke nan. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kuɗi a yi rana guda.

Ku kuma 'yan kasuwa da masu saye, kazar da ta kwana a keji da kajin gari-gari kada a sake ta cikin na gida sai ta yi mako 2 a keɓe.