Ƙauyen Da Babu Shi, Amma Ya Koya Wa Manoma Aiki

Mutanen Abakpa da na sauran unguwannin Kaduna ba baƙin wasan kwaikwayo na rediyo ba ne. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna cikin 1962 jama'a suka saba da zama gindin akwati, har su Samanja suka zo suka yi ta ba su dariya. To, a Ingila akwai wani wasa na rediyo wanda don noma aka ƙago shi. Sunansa The Archers, ƙauyen da ake yin labarin a cikinsa kuwa Ambridge. Ko an duba taswirar Ingila kaf ba za a ga ƙauyen nan ba, gama babu shi. Duk da haka Turawa da yawa sun san gonakinsa kamar yadda mutumin Abakpa ya san hanyar Kurmin Mashi.

Ga asalin abin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abinci ya yi ƙaranci a Ingila, har sai da kati ake sayen nama, ba a kuwa daina ba sarai sai cikin 1954. Gwamnati tana so manoma su ƙara yawan amfani, amma ba kowane manomi ne zai gaji da aiki ya dawo ya zauna jin lacca ba. Sai wani ma'aikacin BBC a birnin Bamingam, mai suna Godfrey Baseley, ya sa aka saka shawarwarin gona cikin labari. Aka gwada cikin watan Mayu 1950, ran 1 ga Janairu 1951 aka soma watsa shi ko'ina a ƙasar, Ma'aikatar Gona tana taimakawa da shawara.

Dabarar tana cikin gonakin. Da gangan aka ƙago manoma iri uku.

Na farko shi ne Dan Archer, mai gonar Brookfield. Ba shi da kuɗi da yawa, haya ma yake yi da fari kafin ya sayi gonar, amma mutum ne mai tattali da jin shawara. Da dawaki yake huɗa, da lokaci ya yi ya sake su ya koma tarakta. Duk sabon abin da ake so manoma su karɓa, a gonarsa ake gwada shi, masu sauraro su ji yana shawara da matarsa Doris a kan kuɗin da abin zai ci.

Na biyu Walter Gabriel. Shi ma talaka ne, amma ya kafe a kan hanyar da ya tarar, ga sakaci. Jama'a suna sonsa don ban dariya, amma ba mai son a ce gonarsa irin ta Walter ce.

Na uku George Fairbrother, attajiri ne wanda ya samo dukiya a ciniki ya zuba a gona, bai kuwa damu da hasara ba.

Ban da gonaki, ƙauyen yana da wuraren da kowa ya sani: kogin Am, da tudun Lakey, da majami'a, da kanti, da wata mashaya mai suna The Bull. Mashayar nan ita ce dandalinsu, nan manoma ke haɗuwa su yi gardamar farashin madara da cutar tumaki. Wuraren nan su suka sa ƙauyen ya zauna a ran mutane. Ran 22 ga Satumba 1955, da aka ce Grace, surukar Dan, ta mutu a gobarar barga, mutane wajen miliyan 20 ne ke saurare, waɗansu suka yi ta juyayi sai ka ce ta gidansu ce.

Ba a ɓoye wahalar noma ba. Cikin 1956 boru, watau ciwon baki da kofato, ya shiga Brookfield, aka karkashe dabbobin kamar yadda dokar ƙasar ta ce. Manomin kirki ma ke nan bai tsira ba. Cikin 1972 aka cire wa wasan nauyin koyarwa, amma noman bai fita ba. Cikin 1984 masu wata gona, Bridge Farm, suka bar takin zamani da maganin feshi. Cikin 2000 bashi ya fitar da iyalin Grundy daga gonar da suke haya. Cikin 2015 kogin Am ya yi ambaliya ya ci ƙauyen. Kafin ƙarshen 2023 wasan ya wuce kashi 20,000.

To, ina amfanin wannan ga mai karatu a Kaduna? Amfaninsa shi ne manoman nan uku duk akwai su a nan. Akawu ko ɗan kasuwa da ya sayi gona a hanyar Zariya, yana aika kuɗin taki da na leburori, ba ya zuwa sai ran Lahadi, bai kuwa taɓa lissafa abin da buhu guda ya ci masa ba, Fairbrother ke nan. Bambancinsu kaɗai, shi albashinsa ba zai ɗauki hasarar shekara uku ba. Wanda ya sayo sa a kasuwa ya sake shi cikin garke ran nan, Walter ke nan. Na kirki shi ne mai ware sabuwar dabba wajen mako uku, in ya ga tana dalala da ɗingishi ya kira malamin dabbobi nan da nan. Shi ne kuma mai noman fadama a bakin kogin Kaduna wanda ya san iyakar inda ruwa ya kai bara kafin ya zuba iri.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Ambridge gemunsu na ƙage ne, amma wutar ta gaske ce. Saboda haka kafin damina ta faɗi, ya kamata kowane mai gona ya sayi ɗan littafi, ya rubuta abin da ya kashe bara da abin da ya samu. Littafin nan zai gaya masa ko shi wane ne cikin ukun. Allah ya ba da damina mai albarka.