Itacen da Ya Zama Dutse

Manomin da ke haƙa a gonakin rani na Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga yake bi, da wuya ya tono itacen da ya zama dutse, domin dutsen da ke ƙarƙashin wannan ƙasa ya girmi itatuwan duniya duka. Amma a Gundumi ta ƙasar Sakkwato, da kudancin Agadas, akan same shi. A can koguna suka binne kututture cikin yashi fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ruwa ya yi ta ɗura masa ma'adini har ya ƙandare. Akwai irinsa kusa da Alƙahira, da Arizona ta Amurka, ko da yake iri da zamani sun bambanta. Na Agadas kuwa shaida ne cewa wannan hamada ta taɓa zama kurmi.