Faifan Gwaji da Hannun Makaɗi

Makaɗi ba shi da wurin ɓoye kuskurensa. Tela in ya ɓata ɗinki yakan warware kafin mai kaya ya zo, amma mai ganga in hannunsa ya zame a filin kokawa, kowa ya ji, har da ɗan kokawar da ake yi wa taken. A Gaya ta Nijar, inda Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Kyangawa ke zaune wuri guda, kunnen jama'a ya ƙoshi da kiɗa. Ana jin na gida, ana jin wanda ke tsallako kogin Kwara daga Malanbil ta ƙasar Benin, ana jin na Kamba da sauran garuruwan Kabi ta ɓangaren Najeriya. Mai kiɗa a irin wannan gari ba ya ruɗin kowa da ƙarar banza. To, a ina yake yin kurakuransa kafin ya fito fili?

Amsar da makaɗan ƙasashen waje suka samo wa kansu ita ce wani ɗan faifai na roba da ake manna wa a kan katako. Faɗinsa yakan kama daga santimita 15 zuwa 30. Ana ɗora shi a kan tebur ko a cinya, a riƙa bugunsa da sanda kamar ganga. Ba ya amo, sai ɗan ƙas-ƙas da bai wuce ɗaki ba, amma sanda tana dawowa daga kansa kusan yadda take dawowa daga fatar da aka ɗaure tamau. Wannan dawowar ita ce dukan hikimar abin. Kamfanoni irin su Remo, wanda Remo Belli ya kafa a Amurka a 1957, da Evans da Vic Firth, duk suna ƙera shi. Akwai mai fuska biyu, ɗaya mai taushi ɗaya mai tauri. Akwai wanda aka yi wa ɗan da'ira a tsakiya don a riƙa auna ta. Akwai ma na lantarki, irin na kamfanin Roland na Japan, wanda ke nuna wa mai koyo ko bugunsa ya riga lokaci ko ya makara.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan, mu da muka gaji kiɗa kaka da kakanni? Gaskiya ne, kuma duk wanda ya lura da yadda ake koyon kiɗa a ƙasar Hausa zai ga dabarar ba baƙuwa ba ce. Ba a taɓa miƙa wa yaro babban kalangu ranar farko. Ɗan gidan makaɗa yakan fara ne da gwangwanin madara ko fasasshiyar ƙwarya, yana bugu da tsinke a bayan ɗaki. In ya ɗan tasa sai a riƙa fita da shi yana ɗaukar kaya, yana saurare. Daga nan a rataya masa kuntuku ko kanzagi, ƙananan gangunan nan da aikinsu shi ne riƙe ma'auni. Zai shekara da shekaru yana maimaita ɗan gajeren bugu guda, ba ƙari ba ragi, babba kuwa yana can yana sarrafa kalangu yadda ya ga dama a kan wannan shimfiɗa. In yaron ya yi gaggawa ko ya ja da baya, harara ta ishe shi, wani lokaci har da ranƙwashi. Sai wanda ya nuna yana iya tsayuwa a kan ma'auni tun daga farkon biki har ƙarshensa ake bari ya taɓa babbar ganga.

Makarantar nan ta yi aiki, ita ta fitar da waɗanda suka yi wa Mamman Shata kalangu da waɗanda suka yi wa Narambaɗa kotso. Sai dai tana da sharaɗi: sai kana da gidan kiɗa, kuma sai ana yawan fita. Yau duka biyun sun yi ƙaranci. Bukukuwa da dama sun koma hannun masu kiɗan na'ura da manyan lasifikoki. Ɗan makaɗi yana makarantar boko da safe, ta allo da yamma, wani kuma ya kama kabu-kabu. A ɗaya gefen ga samarin da ba su gaji kiɗa ba, na haye, waɗanda suka ga gangunan zamani a wayar hannu suka ji suna so. Irin wannan yaro ba shi da uban da zai harare shi in ya kauce, ba shi da kuɗin sayen ganga, in ma ya samu aro, maƙwabta ba za su bar shi ya yi ta dukanta daga la'asar zuwa isha'i ba, kuma suna da gaskiya. A nan ne faifan gwaji ya sami gurbinsa.

Daidaiton da ake nema da faifan ba abu guda ba ne. Na farko shi ne lokaci, wato bugu ya sauka daidai inda ya kamata. A nan abokin aikin faifai shi ne agogon kiɗa, na'urar nan mai ƙyas-ƙyas da Johann Maelzel ya yi wa rajista a Turai a 1815, wadda yanzu ake saukar da ita kyauta a kowace wayar zamani. A sa ta a 60, ma'ana bugu guda kowace daƙiƙa, a bi ta. Da jin haka kamar wasan yara, amma a gwada a gani. Kiɗa a hankali ya fi kiɗa da sauri wuya, domin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana da faɗi, kuma a cikin faɗin nan ne hannu ke yin shisshigi. Makaɗa suna da wata alama da suke gane sun dace: in sanda ta sauka daidai kan ƙyas ɗin agogo, sai ƙarar agogon ta ɓace, kamar an kashe shi. Muddin kana jin ƙara biyu, to ɗayanku ya kauce, kuma ba agogon ba ne.

Sai nauyin hannu. Kusan kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, kuma a kan ganga ta gaske amonta yakan lulluɓe wannan bambanci, mai koyo ya yi ta jin daɗin kansa. Roba ba ta yi wa kowa kara. In hagu ta fi dama rauni, za ka ji ƙas ɗaya ya fi ɗaya, kamar tafiyar mai ɗingishi. Don gyara wannan ne makaɗan soja na Turai da Amurka suka tsara darussan hannu: dama, hagu, dama, hagu, sai bibbiyu, dama dama, hagu hagu, sai a cakuɗa, dama hagu dama dama, hagu dama hagu hagu. Wata ƙungiyar makaɗa da aka kafa a Amurka a 1933 ta tsayar da irin waɗannan darussa 26, a 1984 kuma wata ƙungiyar ta faɗaɗa su zuwa 40. Littafin George Lawrence Stone mai suna Stick Control, wanda ya fito a 1935, har gobe ana koyo da shi, alhali shafukansa na farko ba komai ba ne illa jerin dama da hagu. Duk wanda ke son kiɗan badujala na soja da ƴan sanda, ko gangunan zamani na ƙungiyoyi irin su Tal National da ke Yamai, ta wannan ƙofa zai shiga.

Akwai kuma wurin bugu. Tsakiyar fata da gefenta ba murya ɗaya suke bayarwa ba, kuma fuskar kalangu ƙarama ce, ba ta da filin yawo. Ɗigo guda na alli a tsakiyar faifai ya isa ya tona asirin hannun da ke watsa bugu ko'ina.

Ga wata fa'ida da ba a cika zancenta ba, lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren ƙara mai ƙarfin desibel 80 har sa'o'i 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ta kai 90 sai sa'o'i 4 kacal. Gangunan zamani in ana dukansu da ƙarfi sukan wuce 100. Yaron da ke kulle kansa a ɗakin kwano yana gwaji kullum yana cin jarinsa ne tun bai fara sana'a ba, domin jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Mutanen Gaya kuma suna da nasu dalili na daban. Yankin yana cikin waɗanda suka fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi a gefe. Da damina fatar akuya takan sha raɓa ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kara ta a wuta kafin ta yi magana, kuma kowane gwaji yana rage mata kwana. Roba ba ruwanta da damina.

Amma fa a yi hattara, kada a ɗauki faifan nan a ba shi matsayin da bai kai ba. Kalangu, wanda Zabarmawa ke kira dondon, ba da sanda kaɗai ake kaɗa shi ba. Rabin aikin yana hammata. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin da suka haɗa fatun biyu, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, da wannan matsi ne kalangu ke kiran sunan mutum, ya yi wa mahauci takensa, ya zuga ɗan dambe har tsuma ta kama shi. Faifan roba murya ɗaya gare shi, ita ma ba murya ba ce. Ko shekara goma ka yi a kansa ba zai koya maka taken kowa ba, ba zai gaya maka lokacin da za ka sassauta don mawaƙi ya numfasa ba, ko lokacin da za ka ɗaga don ƴan kokawa sun sarƙe. Tun da aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa raba ta da makaɗa ba, kuma duk wanda ya ga yadda fili ke ruɗewa in ɗan kokawa Isaka Isaka na jihar Doso ya shigo, ya san makaɗin wurin idonsa a kan ƙafar ɗan wasa yake, ba a kan agogo ba.

A ganina ma akwai haɗari ga wanda ya shaƙu da agogo fiye da kima. Kiɗanmu yana da wani ɗan lanƙwasa, wani jinkiri ko gaggawa na ganganci da ke sa ƙugu ya motsa, sau da yawa ana tafiya da uku a kan biyu lokaci guda. Wanda ya goge wannan don ya yi daidai da na'ura ya zama na'ura, ita kuwa ta fi shi arha. Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan da ya yi wa Fela Kuti kiɗa shekara da shekaru, ya rasu a 2020, ana girmama shi a duniya ne saboda ma'auninsa ba ya gocewa, amma bugunsa yana yawo a cikin ma'aunin kamar ba a ɗaure yake ba. Bambancin a nan yake: gwani yana kaucewa don ya so, ɗan koyo yana kaucewa don bai sani ba. Faifai yana maganin na biyun ne. Kuma yau makaɗin gargajiya in aka kira shi ɗakin naɗar waƙa a Yamai ko Kano, akan sa masa abin ji a kunne mai ƙyas-ƙyas a ce ya bi. Wanda bai saba ba yakan sha kunya a gaban yaran da ya haifa, ba don sun fi shi iya kiɗa ba.

Maganar saye kuwa, ba dole ba ce. Kayan da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano sun ƙara wuyar samu tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma ko da can ba kowane kanti ke ajiye irin wannan ba. Amma garin da manyan motoci suka yi shekaru suna jerin gwano a bakin iyakarsa ba ya rasa tsohuwar roba. A je wurin mai faci a nemi robar cikin taya ta babbar mota, a yanka ta da'ira, a ninka biyu ko uku, a manna da gam a kan guntun katako mai kauri daga wurin kafinta. A liƙa wani ƙyalle a ƙasa don kada ya riƙa zamewa. In an ga sanda ba ta dawowa sosai, a ƙara ninki ko a nemi roba mai tauri. Mai koyon kalangu ko gangar noma, da yake sandarsa lanƙwasasshiya ce kuma ta gefe yake bugu, sai ya jingine faifan a tsaye ko ya ɗaure shi a inda fuskar ganga za ta kasance, don kada wuyan hannu ya saba da abin da ba shi zai tarar ba. Wasu makaɗa sukan haɗa da bugun matashin kai, wanda ba ya dawo da sanda ko kaɗan, don ƙarfafa yatsu da wuyan hannu.

Minti 15 ko 20 kullum sun fi sa'o'i uku ranar Lahadi kaɗai. A fara a hankali, kada a ƙara sauri sai bugu ya fita tsaf. A saki kafaɗa, a riƙe sanda ba da ƙarfi ba, in wuyan hannu ya fara zafi a dakata. A faɗi bugun da baki kafin a kaɗa shi, kamar yadda tsofaffin makaɗanmu ke yi, kuma haka masu koyon gangar tabla a Indiya suke yi har yau. A naɗi kai a waya a saurara daga baya, domin kunne yakan yi wa mai shi ƙarya sa'ad da hannu ke aiki.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, amma yaron Gaya nawa ne zai yi tafiyar kusan kilomita 300 don ya je can? Abin da ya fi kusa shi ne masu kula da gidajen matasa da malaman makarantu su sa a haɗa irin waɗannan faifai goma ko ashirin, sannan su gayyato sarkin makaɗa ko wani dattijon mai kalangu ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, a biya shi haƙƙinsa. Kai kuma ɗan koyo, ka yi ta bugun robarka a ɗaki har hannu ya zauna, amma ranar biki ka je ka gaida masu abin, ka ce: "Baba, a ba ni kuntuku in riƙe muku."